Wutsiyar Doki: Mu San Baƙo Kafin Mu Shimfiɗa Masa Tabarma



A 'yan shekarun nan wayar hannu ta zama kamar malamin gona na biyu a ƙauyukanmu. Cikin labaran da take kawowa akwai na wata ciyawa ta ƙasashen sanyi, wadda ma'anar sunanta a bakin Turawa ita ce wutsiyar doki. Ana nuna yadda ake dafa ta a fesa wa amfanin gona domin maganin fumfuna, ana kuma sayar da busasshiyarta cikin ƙunshi kamar ganyen shayi. Labarin yana da gaskiya a ciki. Amma mai talla yakan faɗi amfanin kayansa, ya bar sauran magana a aljihu.

Ga ra'ayina tun da fari. Wanda yake so ya gwada busasshiyar ciyawar nan, wadda aka rubuta cikakken sunanta a jikin ƙunshi, ba ni da faɗa da shi. Ɗanyar saiwarta kuwa, kada wata ƙungiya ta yarda ta shiga gona ko fadama ko lambun kowa, ko da kyauta aka kawo ta. Ba wanda zai iya bin wannan shawara sai ya san kamannin ciyawar da halinta. Saboda haka bari mu dube ta daga sama har ƙasa.

Ƙasarta da sunanta

Gidan wutsiyar doki shi ne arewacin duniya: Turai, Amurka ta Arewa, da arewacin Asiya har Japan. Tana fitowa a gonaki, da bakin hanya, da gefen layin dogo, da gaɓar kogi, musamman inda ƙasa take da rairayi a sama da damshi a ƙasa. Sunanta na masana shi ne Equisetum arvense. Wani masanin tsire-tsire na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya rubuta sunan a 1753. Da harshen Latin, kalma ta fari ta haɗa doki da gashi mai kauri, ta biyun kuwa tana nufin ta gona. Ku riƙe kalma ta biyun nan da kyau, gama dangin suna da iri wajen 15, dukansu da kalma ta fari suke farawa, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaya daga cikinsu, Equisetum ramosissimum, tana zaune a Afirka, a wurare kamar Habasha da Kenya da Afirka ta Kudu.

Zuriya ce tsohuwa ƙwarai. Masana duwatsu sun lissafa cewa fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce danginta itatuwa ne dogaye a cikin fadamu, waɗansu sun kai mita 20. Gawarsu tana cikin abin da ya zama gawayin kwal na Ingila da Jamus. Wadda ta rage yau ba ta cika wuce gwiwar mutum ba, amma ta gaji taurin kai.

Ba fure, ba iri

Ko da yake muna ce mata ciyawa, ba dangin gero da dawa da tofa ba ce. Ba ta yin fure, ba ta yin ƙwaya. Tana haihuwa da wani gari mai laushi kamar ƙura, sa'an nan tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa. Don haka duk wanda ya miƙo maka ƙwayoyi ya ce irin wutsiyar doki ne, ka san wani abu dabam ya ba ka.

Abin da yakan ruɗe baƙo shi ne, saiwa ɗaya tana fid da jiki iri biyu a shekara, har mutum ya zaci tsiro biyu ne.

Jiki na fari yakan fito da zarar sanyin ƙanƙara ya wuce, wajen watan Maris zuwa Mayu. Kara ne guda, mai laushi da ruwa-ruwa, ba reshe ko ɗaya. Launinsa fari-fari ne mai ɗan ja ko ruwan ƙasa, ba kore a jikinsa, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, watau santimita 10 zuwa 25. A bisa kansa akwai wani ɗan kai mai kama da ƙaramin goyon masara, santimita 1 zuwa 4. A cikin kan nan garin haihuwa yake. Da ya zubar da garin, sai karan ya yanƙwane ya mutu cikin 'yan makonni. Mutanen Japan suna kiran wannan jiki tsukushi, sukan tsince shi su dafa su ci a lokacinsa.

Garin kansa abin kallo ne a ƙarƙashin madubin da yake ƙara girman abu. Kowace ƙwayar gari kore ce, tana da zare huɗu a jikinta. In akwai damshi zaren yakan naɗe, in ya bushe ya miƙe, har in mutum ya hura masa numfashi sai ya ga garin yana motsi kamar mai rai. Da haka iska take ɗaukarsa. Amma ransa gajere ne. In bai faɗi a kan laka mai jiƙe cikin 'yan kwanaki ba, ya mutu ke nan.

Jiki na biyu shi ne kore, shi ne kuma wanda ake busarwa a sayar. Yakan fito bayan na farin, ya zauna har sanyi ya komo. Tsawonsa yawanci santimita 20 zuwa 60. Daga nesa yana kama da ɗan ƙaramin itace mai rassa kamar tsintsiya, ko wutsiyar da aka tsefe.

Alamu shida na koren jiki

1. Karan yana da gaɓoɓi kamar rake. In ka ja shi, sai ya rabu daidai kan gaɓa, ka kuma iya mayar da shi kamar murfin alƙalami.

2. A kowace gaɓa akwai ɗan kube da ya kewaye karan, bakinsa da ƙananan haƙora masu baƙin tsini. Haƙoran nan su ne ainihin ganyenta. Ba ta da ganye mai faɗi ko kaɗan. Kara da rassa su ne suke yi mata aikin ganye.

3. Jikin karan yana da layuka a tsaye, kamar kunyoyi a gona, tsakanin 6 da 18. Yawan haƙoran kube daidai yake da yawan layukan.

4. In ka yanka karan ka duba, akwai rami a tsakiya, amma bai kai rabin kaurin karan ba.

5. Rassa suna fitowa a zobe, kewaye da gaɓa, kamar wayoyin ƙafar keke. Su ma suna da gaɓoɓi, yawanci kusurwa huɗu gare su, ba rami a cikinsu.

6. Wannan ita ce alamar da ta fi duka. Dubi gaɓar fari ta reshe, wadda take manne da kara, ka gwada ta da kuben karan da yake kusa da ita. A wutsiyar doki ta gona, gaɓar farin nan ta fi kuben tsawo. A duba a tsakiyar kara ko sama, gama rassan can ƙasa sukan ruɗi mutum.

Ban da waɗannan, in ka murza ta a hannu za ka ji kaushi. Tana tsotsar sinadarin silika, watau abin da rairayi ya ƙunsa, ta tara a fatarta. Saboda kaushin nan matan Turai na dā suka riƙa goge tukwane da kwanoni da ita, yadda namu suke yi da toka da soso. Jamusawa har yau suna kiranta da sunan da yake nufin ciyawar kuza, domin da ita ake sa kwanonin kuza su yi ƙyalli.

Kama da wane ba wane ba ne

Me ya sa na dage a kan alama ta shida? Domin tana da 'yar'uwa, Equisetum palustre, wutsiyar doki ta fadama, wadda take da dafi. Shanun da suka ci ta sukan yi zawo, su rame, nono ya ragu. Su biyun sukan fito kusa da juna, an kuma sha samun ta fadamar a gauraye cikin busasshen ganyen da ake sayarwa. A wurin ta fadama, gaɓar fari ta reshe ta fi kuben gajarta. Haƙoran kubenta baƙaƙe ne da farin gefe mai faɗi, rassanta suna da rami, kan garinta kuwa a bisa koren kara yake fitowa. Bambancin da bai kai faɗin farce ba, shi ne tsakanin magani da dafi.

A nan gida ma akwai abin da zai iya ruɗin ido. Kun san dogon itacen nan da ake shukawa a makarantu da gidajen gwamnati, mai ganye kamar zare, wanda yake yin fito in iska ta kaɗa. Sunansa Casuarina equisetifolia, kalma ta biyun kuwa tana nufin mai ganye irin na wutsiyar doki. Zarensa yana da gaɓoɓi da 'yan haƙora, yana kuma rabuwa in an ja shi. In an busar an daddatsa, sai mai lura ne zai gane. Amma shi itace ne mai 'ya'ya da iri, zarensa ba rami a ciki, ba kuwa zoben rassa a kowace gaɓa. Ba dangi ba ne ko kusa. Gari da aka niƙa kuwa, ba mai iya ganin gaɓa ko kube a cikinsa, sai dai a dogara ga amanar mai sayarwa.

Abin da yake ƙarƙashin ƙasa

Duk abin da muka bayyana a sama ƙaramin rabo ne na tsiron. Babban jikinsa yana ƙasa. Abin da muke kira saiwarta, a gaskiya kara ne baƙi mai gaɓoɓi da yake tafiya a kwance, yana kuma nutsewa har zurfin mita 2, ya fi tsayin mutum. A jikinsa akwai 'yan ƙululai kamar aya, inda take ajiye abinci. Kowace gaɓa tana iya fid da sabon tsiro. Guntun da bai fi yatsa ba ya isa ya kafa sabon gida.

Wanda ya taɓa fama da tofa ko jiji ya riga ya gane maganar. Ka sare sama, ƙasa ta aiko da wani. Ka sa garma, ka daddatsa saiwa, ka rarraba ta cikin gona da hannunka. Bambancin shi ne, saiwar tofa yawancinta tana kusa da sama, inda garma da haƙuri za su iya cim mata. Ta wutsiyar doki ta wuce inda kowace garma take kaiwa. Maganin feshi ma bai cika kama ta ba. Ba ta da faffaɗan ganye da zai sha magani, fatarta kuma tana da kaushi da santsin kakin da yake zubar da ruwa. Glyphosate, wanda manomanmu da yawa suka dogara da shi, sau da yawa yakan kashe sauran ciyayi ya bar mata fili ita kaɗai. Manoman Turai suna rage ƙarfinta ta wurin janye ruwa daga gona, da shuka mai kauri da za ta rufe ta da inuwa, da yanka a kai a kai shekara da shekaru. Ragewa suke yi. Raba ta da gona ɗungum abu ne mai wuyar gaske.

Akwai kuma maganar dabbobi. Ko ta gonar ma tana da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki. Shanu da tumaki sun fi jurewa, gama tumbinsu yana yin bitamin ɗin. Doki kuwa ba haka ba. In ta kai kashi 1 cikin 5 na ingiricin da yake ci, cikin 'yan makonni sai ya rame, ya fara tangaɗi, ƙafafun baya su raunana. Bushewa ba ta kashe sinadarin. In an gane da wuri, likitan dabbobi yakan yi masa allurar bitamin B1 ya warke.

Amfaninta na gaskiya

Kada in zama kamar mai tallan da na zarga, in faɗi rabi in bar rabi. A 2014 Tarayyar Turai ta amince a yi amfani da ruwan dafaffiyar wutsiyar doki ta gona domin kare itatuwan tuffa da inabi daga cututtukan fumfuna, daga baya aka ƙara waɗansu kayan lambu. Ƙa'idar ita ce giram 200 na busasshen koren jiki cikin lita 10 ta ruwa, a jiƙa minti 30, a tafasa minti 45, a tace, sa'an nan a ƙara ruwa har ya ninka sau 10. Rigakafi ne, ana fesa shi kafin cuta ta yi ƙarfi, ana kuma maimaitawa. Gonar da cuta ta riga ta cinye, ba zai tashe ta ba. Ba kuwa maganin tsutsa ko fara ba ne.

Mutanen Turai sun daɗe suna shan ruwanta domin ta sa fitsari. Hukumar magunguna ta Turai ta yarda da wannan a matsayin maganin gargajiya, amma ba ta ba da shawararta ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba, ko mata masu ciki da masu shayarwa. Mai kumburi saboda ciwon zuciya ko ƙoda ma, an ce kada ya sha. Mai irin wannan ciwo asibiti ya kamata ya nufa.

Gemun ɗan'uwa

Yanzu wani zai ce, "Malam, tun da tana da amfani, kuma sayenta daga waje da tsada, me zai hana mu dasa 'yar kaɗan a gefen fadama mu riƙa yanka?" Tambaya ce ta mai hankali, amsarta kuwa tana ƙasar Niyuzilan.

Can ba gidanta ba ne. Ta shiga a shekarun 1920, ba wanda ya damu da ita da fari. Sannu a hankali ta kafu a kwarin kogin Rangitikei. Ambaliya ta riƙa kwasar guntayen saiwa tana zubarwa a gonakin da suke ƙasa, motocin da suke ɗibar tsakuwa daga kogi domin gyaran hanya suka kai ta wurare masu nisa. Ta shiga makiyaya da gonaki, feshi ya kāsa. Ƙasar ta haramta sayar da ita da dasa ta. A ƙarshe sai da suka je Ingila suka ɗauko wani ƙwaro mai dogon baki, dangin wanda yake cin hatsi a rumbu, wanda abincinsa ke nan. Hukuma ta amince da shi a 2016, aka fara sakinsa a 2017. Kusan shekara 100 ke nan ana biyan bashin abin da ya shigo a ɓoye. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani kuma zai ce zafin ƙasarmu zai kashe ta. Gaskiya ne ita 'yar sanyi ce, rani irin na Sakkwato ko Maiduguri ba nata ba ne. Amma muna da tuddan Jos da Mambila, inda dankalin Turawa da shayi suke jin daɗi, da ƙoramu masu sanyi da ba su ƙafewa. Wanda ya dasa ta a irin wurin nan yana caca ne, abin da ya sa a cacar kuwa har da gonar maƙwabcinsa na gangare, wanda ba a tambaye shi ba. In ta mutu, an yi hasarar 'yan kuɗi. In ta kama, ba mai iya cewa ta koma.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Ciyawar da mutanen kudu suke kira Awolowo asalinta daga nahiyar Amurka ne. Ta shigo wajen Inugu a ƙarshen shekarun 1930, yau ta rufe saurukan kudu da na tsakiyar ƙasa. Baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar Amurka ta Kudu, ta bayyana a ruwan Legas a 1984, ta bi koguna tana toshe hanyar jirage da tarun masunta. Kowaccensu da 'yar kaɗan ta fara.

Abin da nake roƙon ƙungiyoyi

Na fari, a sa cikin dokokin ƙungiya cewa ba memba da zai dasa baƙon tsiro, ko saiwa ko reshe, sai an nuna wa malamin gona an san sunansa. Doka ta ƙasa ma ta riga ta ce a nemi izinin hukumar NAQS, mai tsaron shigowar tsire-tsire da dabbobi, kafin a shigo da irin wannan daga waje. Tsarabar ɗan'uwa da ya komo daga tafiya ba ta fi ƙarfin dokar nan ba.

Na biyu, in za a sayi busasshiya, a nemi ƙunshi mai ɗauke da kalmomin nan biyu, Equisetum arvense. A zaɓi wadda aka daddatsa, a bar wadda aka niƙa. A jiƙa kaɗan a ruwa, a baza a kan farar takarda, a nemi gaɓa da kube da layuka, a gwada gaɓar fari ta reshe. In an ga baƙar saiwa ko ƙululu a ciki, a ƙone su, kada a zuba a juji.

Na uku, in za a gwada feshin, a yi shi a kunya 4 ko 5, a bar waɗansu kusa da su ba feshi, magatakarda ya rubuta ranaku da kuɗin da aka kashe da abin da aka girbe. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada a ɗauki kuɗin asusun ƙungiya a zuba a kan abin da aka gani a waya kawai.

Na huɗu, mu koya wa 'ya'yanmu duban tsiro irin wannan: a ƙirga, a yanka, a tona, a gwada. Idon da ya iya raba wutsiyar doki ta gona da ta fadama, shi ne zai gane wuta-wuta tun ba ta yi fure ba, ya kuma gane baƙuwar ciyawa ran da ta fara leƙowa a bakin rafi, lokacin da fartanya ɗaya ta isa ta gama da ita.

Ku karanta wannan a taronku na wata, ku tattauna, ku aiko mana da abin da kuka shirya. Allah ya ba mu damina mai albarka.